Babi na Bakwai: Lambobin Sankarar Leɓe a Asibitocin Amurka

A Amurka likita ba ya karɓar kuɗin aikinsa da bayanin baki, ba kuma da doguwar wasiƙa ba. Ko wuni ya yi a tsaye yana tiyata, kamfanin inshora ba zai sakar masa ko dala ɗaya ba sai an mayar da cutar da ya gani da aikin da ya yi sun zama lambobi, an jera su a fom, an tura ta kwamfuta. Lamba ɗaya ta faɗi abin da ke damun majinyaci, wata ta faɗi abin da aka yi masa. In biyun sun dace da juna, kuɗi ya fito. In sun saɓa, fom ya dawo, wani lokaci ma bashin ya faɗa kan marar lafiya. A wannan babi za mu bi waɗannan lambobi a wuri ɗaya tak na jikin ɗan Adam, wato leɓe. A nan ne milimita biyu ko uku ke sauya sunan cuta, su sauya kuɗin aiki, har su yanke hukuncin ko za a ƙidaya mutum cikin masu sankara a ƙasar ko ba za a ƙidaya shi ba.

Kundaye biyu

Kundin farko na cututtuka ne, sunansa ICD. Asalinsa jerin dalilan mutuwa ne wanda Bafaranshen masanin ƙididdiga Jacques Bertillon ya tsara, aka amince da shi a wani taro a birnin Shikago a 1893. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa, aka faɗaɗa shi ya haɗa da cututtukan masu rai, ba abin da ya kashe mamata kawai ba. An amince da bugu na goma a 1990. Amurka ta ɗauki wannan bugu ta yi masa ƙari mai yawa ta kira nata ICD-10-CM, ta fara aiki da shi wajen biyan kuɗin asibiti a ranar 1 ga Oktoba, 2015. A wannan rana lambobin cututtuka suka tashi daga kimanin 14,000 zuwa kimanin 68,000.

Kundi na biyu na ayyukan likita ne, sunansa CPT. Ƙungiyar Likitocin Amurka ce ta fara buga shi a 1966, ita ce kuma ke da haƙƙin mallakarsa har yau. Kowane aiki, daga duba marar lafiya zuwa dashen zuciya, yana da lamba mai gurbi biyar. A 1983 shirin Medicare, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1965 domin 'yan shekara 65 zuwa sama, ya rungumi wannan kundi, kamfanonin inshora suka bi sahu. Ana sabunta kundin cututtuka a farkon Oktoba na kowace shekara, na ayyuka kuma a farkon Janairu.

Tsakanin likita da kamfanin inshora akwai ma'aikaci na uku wanda majinyaci ba ya gani, shi ne mai sa lamba. Sana'a ce da ake yi wa karatu da jarrabawa da takardar shaida. Shi ba ya taɓa marar lafiya, rubutun likita kawai yake karantawa. Masu wannan sana'a suna da wata magana da suke maimaitawa kullum: abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba.

Iyakar da ke zagaye da baki

Mai karatu ya taɓa leɓensa. Wuri uku ne a haɗe. Akwai fata sosai, wadda gashin baki ke tsirowa a kanta daga sama, da wadda ta gangara zuwa haɓa daga ƙasa. Akwai sashen waje da mata ke shafa wa jan-baki, marar gashi, mai laushi. Akwai kuma na ciki mai danshi, wanda ke gogar haƙora. Tsakanin fata da wurin jan-baki akwai siririyar iyaka da ido ke gani, kuma a kan wannan iyaka kundin ICD ya raba gida biyu.

Sankarar da ta fito a fatar leɓe tana cikin dangin sankarar fata, ƙarƙashin C44.0. Kundin Amurka ya ƙara gurbi ɗaya domin a faɗi irinta. C44.01 ita ce wadda ke tasowa daga ƙwayoyin gindin fata, likitoci na taƙaita sunanta da BCC. C44.02 ita ce ta ƙwayoyin saman fata, wato SCC. C44.09 ta wasu nau'o'i ce da aka faɗi sunansu, C44.00 kuma ta wadda ba a faɗi irinta ba. Melanoma, wadda ta fi su duka saurin kisa, lambarta daban ce, C43.0. Idan kuwa ba melanoma ba ce, kuma cutar ba ta huda shimfiɗar saman fata ta shiga ciki ba tukuna, lambarta D04.0.

Da zarar ciwon ya tsallaka iyaka ya zauna a wurin jan-baki, ya bar dangin fata ya koma C00, dangin sankarar leɓe da kogon baki. C00.0 leɓen sama ta waje, C00.1 leɓen ƙasa ta waje, C00.3 da C00.4 ɓangaren ciki na sama da na ƙasa, C00.6 kusurwar baki inda leɓɓan biyu suka haɗu. Kundin ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa sankarar fatar leɓe ba ta shiga wannan gida.

Wannan rabo ba son wahala ba ne, yana da tushe a yadda cutar take. BCC ta fi fitowa a fatar leɓen sama. Tana cin wuri a hankali, tana iya lalata fuska in an ƙyale ta, amma da wuya ta yi tafiya zuwa wani sashe na jiki. Leɓen ƙasa kuwa shi ke fuskantar sama, rana na dukansa kai tsaye, shi ya sa mafi yawan sankarar wurin jan-baki a nan take fitowa, kuma akasari SCC ce. Ta fi kama maza masu farar fata da suka yi shekaru suna aiki a rana, manoma da masunta da magina, taba kuma na ƙara wa wutar fetur, haka nan raunin garkuwar jiki. SCC ta leɓe ta fi ta sauran fata saurin kaiwa ga kaluluwar ƙarƙashin haɓa da wuya. Don haka idan likita ya rubuta "sankarar leɓe" ya yi shiru, mai sa lamba na ƙwarai ba zai yi ƙiyasi ba. Zai mayar da takarda ya tambaya: likita, a fata ciwon yake ko a wurin jan-baki? Sama ne ko ƙasa?

Kafin sakamako ya fito

A ɗauka wani tsohon manomi ne a jihar Tekzas ya zo wurin likitan fata da ɗan ƙurji a saman leɓensa, kusa da gindin hanci. Ya ce wata da watanni ke nan yana yin ɓawo, ya ɓare, ya yi jini, ya sake yin ɓawo. Likita ya duba, zuciyarsa ta ba shi BCC ce. Amma zato ba ya shiga fom. Ƙa'idar kundin ta hana a sa wa majinyacin da ba a kwantar ba lambar cutar da ake tsammani, sai wadda aka tabbatar.

Saboda haka sai a ɗebi ɗan yanki a kai ɗakin gwaji. Ɗibar ma tana da lambobinta. Idan daga fata aka ɗiba, tun 2019 lambar ta danganta ga yadda aka yi: 11102 idan an fere saman da reza, 11104 idan an huda da ƙaramin bututu mai kaifi an ciro guntu, 11106 idan an yanka da wuƙa har ƙasan fata. Idan daga jikin leɓen kansa aka ɗiba, lambar ita ce 40490. Likitan da ya duba yankin a madubin gwaji yana da tasa lambar, galibi 88305.

A wannan gaɓa akwai kuskuren da ya yi yawa. Wasu kan sa D48.5 suna nufin ba su sani ba tukuna. Alhali D48.5 hukunci ne na likitan gwaji, bayan ya duba ya ga tsiron yana tsaka-tsaki, ba a iya cewa mugu ne ko marar illa. Tsiron da ba a faɗi halinsa ba lambarsa D49.2. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a riƙe fom har sakamako ya dawo. Jinkirin kwana kaɗan ya fi a liƙa wa mutum sunan sankara a takardunsa alhali ba ya da ita, domin lambar da ta shiga rumbun inshora tana da wuyar gogewa, tana kuma iya binsa ranar da ya je neman inshorar rai.

Awo kafin wuƙa

Sakamako ya dawo, BCC ce, lamba C44.01. Yanzu sai cirewa. Lambobin yanke sankara daga fatar fuska da kunne da fatar ido da hanci da leɓe guda shida ne, kuma girma ne ya raba su. 11640 ta rabin santimita ce zuwa ƙasa. 11641 daga 0.6 zuwa santimita 1. 11642 daga 1.1 zuwa 2. 11643 daga 2.1 zuwa 3. 11644 daga 3.1 zuwa 4. 11646 ta abin da ya haura santimita 4. Tsiron da ba sankara ba yana da nasa jerin a waɗannan wurare, daga 11440 zuwa 11446, kuɗinsa kuma bai kai na sankara ba.

To me ake aunawa? Ga yadda abin yake a ɗakin tiyata. Manomin na kwance, likita ya ɗauko alƙalami mai shuɗin tawada da ɗan rula. Ya auna ƙurjin a inda ya fi faɗi, ya sami santimita 0.8. Ya zana da'ira a kewayensa, ya bar tazarar 0.4 ta lafiyayyar fata ta kowane gefe, domin saiwar da ido ba ya gani. Lissafin shi ne faɗin ƙurji da tazarar dama da ta hagu: 0.8 da 0.4 da 0.4, jimla 1.6. Lambar aikin 11642.

Ana iya ɓata wannan lissafi ta hanya biyu. Idan likita ya manta bai rubuta tazarar ba, mai sa lamba ba shi da abin kamawa sai 0.8, ya sa 11641, likita ya yi asarar haƙƙinsa. Idan kuma aka jira awon ɗakin gwaji, shi ma ragi ne, domin naman da aka jefa a ruwan adanawa yakan tsuke. Hanya ta biyu ta fi muni. Domin ɗinki ya kwanta lafiya, likita yakan tsawaita yankan ta gefe biyu, har tsawonsa ya wuce santimita 4. Wanda ya ɗauki wannan tsawo ya sa 11646 ya yi ha'inci, domin kundin ya ce tazara mafi ƙanƙanta da ake bukata ita ake lissafawa. Wannan da algus a mudu duk ɗaya ne, sai dai a nan mai saye ba ya wurin ballantana ya ga hannun mai awo. Tun ran gini ran zane: awon gaskiya shi ne wanda aka yi aka rubuta kafin wuƙa ta taɓa fata.

Bayan yanka sai rufe rauni. Ɗinki mai sauƙi na shimfiɗa ɗaya yana cikin kuɗin yankan, ba a cajinsa daban. Ɗinki hawa-hawa, na ciki da na waje, yana da lambobi daga 12051, ana auna su da tsawon raunin da aka rufe. Gyara mai sarƙaƙiya a leɓe yana farawa daga 13151. Idan sai da aka juyo fata daga maƙwabtaka aka rufe gurbin, lambar ita ce 14060 ga gurbin da bai wuce murabba'in santimita 10 ba, kuma wannan lamba ta haɗiye ta yankan, ba a haɗa su biyun a fom ɗaya a kan ciwo ɗaya.

Hanyar Mohs da tiyatar jikin leɓe

Leɓe ba wurin da ake yanka da yalwa ba ne. Da shi ake magana, a ci, a sha, a riƙe yawu, kuma karkatar milimita ɗaya a iyakar jan-baki ana hango ta daga nesa. Shi ya sa likitocin Amurka suka fi son hanyar Frederic Mohs a irin wannan wuri. Mohs ya ƙirƙiro ta ne a Jami'ar Wiskonsin, ya fara yi wa majinyata a 1936. A yadda ake yinta yau, likita zai fere sankarar da siririyar tazara, ya yanka naman gunduwa-gunduwa, ya shafa wa gefunan tawada kala-kala, ya zana taswira. A daskarar da naman nan take, a fere shi siriri, likitan da kansa ya zauna ya duba dukkan gefe da gindi a madubi. Majinyaci na zaune a ɗakin jira da bandeji a baki. In an ga saura a gefen da ke da jar tawada, can kawai za a koma a ƙara ɗiba. Haka za a yi ta yi har gefuna su fito fes.

Zagaye na farko a kai da wuya lambarsa 17311, ya ƙunshi gunduwa har biyar. Kowane zagaye na gaba 17312. Gunduwar da ta haura biyar a zagaye ɗaya 17315. Sharaɗin waɗannan lambobi shi ne mutum ɗaya ya zama mai yanka kuma mai dubawa. Idan wani likita daban aka kai wa naman ya duba, aikin ba Mohs ba ne a idon kundi, kome kamanninsa.

Idan sankarar ta shiga jikin leɓe, an bar sashen fata na kundin CPT an koma na leɓen kansa. 40500 ita ce fere dukkan wurin jan-baki da rana ta ƙona, a jawo fatar ciki a shimfiɗa a gurbinsa. 40520 ita ce yanke leɓe a siffar V a haɗe gefunan biyu. Idan gurbin ya yi girma, akwai 40525 da 40527, inda ake aro nama daga gefe ko daga ɗaya leɓen a cike, dabarar da ke ɗauke da sunayen Jakob Estlander na ƙasar Finlan, wanda ya bayyana tasa a 1872, da Robert Abbe na birnin Niyok a 1898. A aikin Abbe ana barin leɓɓan biyu a manne na 'yan makonni har naman da aka aro ya kama, sannan a raba su.

Inda lamba ke zama kuɗi

Tun 1992 Medicare ke biyan likitoci da ma'aunin da ya samo asali daga binciken William Hsiao na Jami'ar Harvard. Kowace lambar aiki tana da maki na wahalar likita, da na kuɗin gudanar da asibiti, da na inshorar kuskuren aiki. A daidaita makin da tsadar yankin, a ninka da wani adadin dala da ake sanarwa kowace shekara. Bayan majinyaci ya biya kasonsa na farkon shekara, Medicare kan ɗauki kashi 80 cikin 100, shi ya ɗauki 20. Ke nan duk lambar da aka kumbura, tsohon manomin nan ma yana biyan rabonsa na ƙaryar daga aljihunsa.

Lambar cuta kuma ita ce hujjar lambar aiki. Inshora ba ta biyan tiyatar kwalliya. Gyaran leɓe da aka turo da lambar tsiro marar illa yana iya komawa a matsayin ado, alhali mutum sankara aka cire masa. A ɗaya gefen, gwamnati na da dokar hukunta masu neman kuɗinta da ƙarya, wadda aka kafa tun 1863 a zamanin Abraham Lincoln, kuma da ita ake gurfanar da asibitoci da likitoci masu kumbura lamba. Majinyaci ma ba a bar shi hannu rabbana ba. Yana da damar neman takardar da ta jera kowace lamba da kuɗinta, kuma a Medicare yana da kwana 120 na ɗaukaka ƙara a matakin farko idan an ƙi biya.

Wanda aka ƙidaya da wanda aka bari

Akwai abin da ya fi kuɗi nauyi. Rajistocin sankara na Amurka ba sa tattara BCC da SCC na fata, in ban da na 'yan wuraren jiki kaɗan, saboda yawansu ya wuce misali. Amma sankarar C00 dole a kai rahotonta. Mutum biyu masu SCC, ɗaya a fata, ɗaya milimita uku daga nan a wurin jan-baki: na biyun zai shiga alƙaluman ƙasa, na farkon ba zai shiga ba. Daga waɗannan alƙaluma ake sanin ko cuta na ƙaruwa ko raguwa, su wa ta fi kamawa, ina za a kai kuɗin bincike. Kowace lambar da aka sa da ganganci tana gurɓata wannan sani.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye ta wajen 'yan uwanmu zabiya. Fatarsu ba ta da isasshen sinadarin da ke kare ta daga rana, shi ya sa SCC ke kama su a fuska da kunne da leɓe tun suna matasa, da yawa kuma ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya ci wuri. Kundin ICD na duniya ne, asibitocinmu ma da shi suke rubuta cututtuka, kuma tun da Nijeriya ta kafa dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya, aikin sa lamba zai ƙara shiga rayuwar talaka. Cutar da ba a rubuta ta daidai ba, ba za a ware mata kasafi ba.

Saboda haka lambar asibiti shaida ce, kuma amana ce a wuyan mutum uku. Likita ya auna kafin ya yanka, ya rubuta wuri da iri da girma. Mai sa lamba ya tsaya a kan abin da aka rubuta, ya yi tambaya inda aka yi shiru, kada ya ƙara kada ya rage. Majinyaci ya karanta takardarsa, ya nemi bayanin duk lambar da bai gane ba. Kai kuma mai karatu, in ka ga miki ko ɓawo a leɓenka ko na wani naka ya wuce mako uku bai warke ba, kada ka tsaya shafe-shafe, ka je asibiti a duba. Sankarar leɓe da aka kama da wuri tana warkewa a mafi yawan lokuta, da ɗan yanka da ɗinki kaɗan.